Hausar Malam Ƙadangare

"Daga Kabo har Gwarzo," in ji Malam Zailani, "babu bakin da ya kai nawa daidaitacciyar Hausa. A cikin birnin Kano aka binne cibiyata."

Sau biyu a mako yake faɗin haka a ɗakin malamai, in ya faɗa kuma ya gyaɗa kai sau uku, kamar mai buga wa zancensa hatimi. Ba mai musa masa. Ba kuma mai tambayar abin da ke kai shi Kutama duk sallah.

Shekara tara ke nan shi makarantarsu ke turawa taron malamai a Gwarzo ya gabatar da darasin gwaji. Har babbar riga gare shi ta musamman, ba ta fitowa daga akwati sai wannan rana.

Sai aka kawo Malama Badi'a, mai koyar da kwamfuta. Makonta na farko a bayan ajinsa ta yi shi, wayarta a kan benci, wai tana koyon yadda manya ke koyarwa. Da ta nemi izinin yin amfani da darussan nasa, bai ma bari ta ƙarasa ba.

"Ɗebi, 'yar nan, ɗebi. Ba ya ƙarewa."

Kafin tsakiyar zango sai ga Malam Ƙadangare.

Zanen katun ne da Badi'a ta haɗa a manhajar kwamfuta: jan kai, hula zanna, alli a hannu, da wata siririyar murya kamar an matse usur. Nahawun Hausa yake koyarwa, minti biyar biyar. In ya ce "suna", akuya ta faɗo kan allo. In ya ce "aikatau", akuyar ta zura da gudu. Ya gama jimla, ya gyaɗa kai. Ɗalibai kamar su cinye shi. 'Yan matan aji uku da ba su taɓa bambance sifa da bayanau ba, sai ga su suna gardama a kai a bakin famfo. Lokacin tara kuwa, tagar ɗakin kwamfuta ba wurin sa ido.

Malam Zailani yakan wuce ta wurin da rajista a hammata, yana kallon sama. Shekara ashirin da biyu yana cin ƙurar alli, ba wanda ya taɓa leƙen tagarsa sai mai neman ɗan'uwansa. Tuwo ya daina yi masa daɗi. Wata Laraba ya shiga aji, wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai Malam Ƙadangare ya riga ya koya mana wannan." Ranar, ajin duka sun yi shara.

Ya sa aka tura masa bidiyon guda takwas, wai don ya ga ɓarnar da ake yi wa yara. Ya zauna a inuwar darbejiya da jan biro. Bayanin dai, ko da ransa bai so ba, babu inda za a soka masa allura. Misalan ma sai ya ji kamar ya taɓa jin su a wani wuri, abin da ya ƙara tabbatar masa sata ce daga littafi.

A bidiyo na uku ya samu abin da yake nema. Ya mayar baya, ya sake ji. Ya yi murmushin da rabonsa da shi tun hutu.

Ranar Litinin firinsifal, Malam Badaruddeen, ya tara malamai ya ce bana yana ganin Ƙadangare za a kai Gwarzo. Zailani ya miƙe, ya gyara hula.

"Ranka ya daɗe, a kunna na uku."

Badi'a ta kunna. Ƙadangare ya yi gyaran murya. "To yara, mu hwara. Ku tahi darasi na ukku."

"Tsaya nan! Kun ji? Hwara! Tahi! Ukku! Wannan za mu kai gaban malaman shiyya? Koma waye ya yi muryar nan, ko ɗan'uwan Malama ne ko wani ta ɗauko a tasha, ɗan ƙauye ne, kuma ba malami ba ne. In a ajina yake, sifili zan ba shi. Ni dai ba da ni ba."

Malamin lissafi ya sunkuya yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur, kafaɗunsa na rawa.

"Malam," Badi'a ta ce a hankali, "wani lokaci mutum ba ya jin..."

"Ni ina ji! Kunnena ma'auni ne. Tunda uwata ta haife ni irin wannan lafazi bai taɓa bi ta bakina ba." Ya gyaɗa kai sau uku.

Firinsifal ya dube shi, ya dubi allon kwamfutar, inda Ƙadangare ya tsaya cak da kai a sunkuye. Ya ce, "Malama, wannan muryar, haka mai ita yake magana?"

"A'a, ranka ya daɗe. A manhaja na siranta ta don yara. Ta ainihin tana nan."

"To mu ji ɗan ƙauyen."

Ta ja wani ɗan maɓalli ƙasa, ta mayar da bidiyon kan ɗaukar asali, wadda ba ta yanke komai a ciki ba. Ƙadangare ya ɗago, ya yi gyaran murya, sannan cikin kakkaurar muryar Malam Zailani ya ce, "To yara, kamar yadda nake hwaɗa muku kullum, daga Kabo har Gwarzo babu bakin da ya kai nawa."