Furen Saude a Ƙofar Asibiti

Tun da hukuma ta soke katin shaida, ƙofofi ke gane mutane da zanen hannu. Kowa ya zana alamarsa sau ɗaya aka ajiye, kuma duk inda za ka shiga sai ka maimaita ta da yatsa a kan gilashi. Yawancin mutane da'ira suka yi. Saude kuwa, mai zana wa amare lalle, fure ta zuba da ganyaye da reshe, don a san ita ce.

Sai wani zazzaɓi ya ratsa unguwarsu. Ya tafi, amma ya bar ta da gajiya da hannun da ba ya jin magana. Ko ɗankwali sai 'yarta ta ɗaura mata.

Yau ga ta a ƙofar asibiti. Yatsanta ya fara reshen, ya yi rawa, ya kauce.

"Iya, ki sake a hankali," in ji Tanimu mai gadi.

"Hankalin ne babu? Ɗan nan, riƙe mini hannun mana."

"An hana. Sai dai ki canza alama."

"A ina?"

"A ciki."

Ta dubi bencin waje. Cike yake da mutane, kowa ya ɓoye hannuwansa a cinya. Ta cije leɓe, ta sake ɗora yatsa.

"Wannan ba hannun Saude ba ne," in ji ƙofar.

Ta buga gilashin da tafin hannunta. "To don Allah me kike zaton na zo gaya wa likita?"