Ɗigon Shuni a Igiyar Yasa

Laraba ce, hadari ya haɗu tun hantsi ya ƙi zuba. Ranar muka dawo da Saude daga asibiti, an sake ƙara mata jini. Kai kuma, Ilu, ka tare ni a zaure kana tambayar wa ya yi wa ɗiyarka wannan aiki, har ka fara kiran sunayen maƙwabta. Yanzu zauna ka ji.

Ga abin da na riƙe daga bakin likitar da ta duba ta. Ta ce kafin jiki ya yi jini sai ya kwafi saƙo daga abin da mutum ya gada wurin iyayensa, ana kiran kwafin RNA. Saƙon dogo ne, akwai wuraren amfani a ciki, akwai na zubarwa. Kowane na zubarwa yana da alama a farkonsa da wata a ƙarshensa. Jiki ya yanka a alamomin, ya yar da tsakiyar, ya haɗa bakin biyu. Ta ce wurare masu kama da alama suna da yawa, shi ya sa akwai wasu ƙananan abubuwa da ke zama kusa da ta gaskiya suna nuna ta. A jikin Saude harafi ɗaya ne ya sauya, sai alamar ƙarya ta fito dab da ta gaskiya. Wani lokaci a yanka daidai, galibi a yanka a ta ƙaryar. Dalilin da jininta ba ya isarta ke nan. Da na ji haka sai na tuna wani misali.

Wani mai tufka ne da matarsa, a wani gari mai rijiya mai zurfi. In igiyar da ake zura mai yasar rijiyar da ita ta tsufa, su ake kawo wa. Matar ce ke bin igiyar da yatsu, ta murɗa, ta sansana. Inda ramar ta ruɓe sai ta tsoma yatsa a shuni ta shafa a farkon ruɓar, ta shafa a ƙarshenta. Shi kuma ya zo da wuƙa ya yanke abin da ke tsakanin shuni da shuni, ya warware bakin biyu, ya tufke su wuri ɗaya. Hannunsa ya yi kanta, ba ya jin ruɓa ko ya taɓa, alama kawai yake bi. In zai yanka, matar takan dafe wurin da babban yatsa ta ce, "Nan, malam." Haka suka shekara da shekaru, igiyarsu ba ta taɓa yar da kowa ba.

Wata rana ta gama sa alama ke nan aka aiko an yi rasuwa a ƙauyen kawunta. Ta wanke hannu ta tafi. Ba ta ga ɗigon shunin da ya zubo daga yatsarta ba, ya sauka cikin ruɓar, saura taƙi ɗaya a kai ƙarshenta. Mutumin ya ɗauki wuƙa. Ya yanka a alamar farko, daidai. Ya bi igiyar ya tarar da shuni, babu mai dafe masa, ya yanka. Ya yi haɗi mai kyau, wanda shi kansa sai ya duba sosai kafin ya gane inda ya haɗa. Taƙi ɗaya na ruɓaɓɓiyar rama ya zauna cikin igiya, alamar gaskiyar tana can gaba kaɗan kamar kowane tabo.

Mai yasar rijiyar ƙanin matar ne. Aka ɗaura masa igiyar a ƙugu, aka zura shi. Bai kai rabi ba ta tsinke. An fito da shi da rai, amma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Kafin matar ta dawo da yamma gari ya rabu biyu. Wasu suka ce mai tufka ya daɗe da surukinsa a zuci. Wasu suka ce asiri aka yi wa matar hannunta ya kauce. Aka fara kiran sunaye, kamar yadda ka fara.

Washegari da safe mai tufka ya je bakin rijiya ya kwaso igiyar, ya shimfiɗa ta a tsakar gida. Haɗinsa yana nan bai motsa ba, gefensa ne ya tsinke. Ya je bola ya tono guntun da ya yar, da rabin ɗigon a bakinsa, ya ajiye shi kusa da alamar gaskiyar. Launinsu ɗaya, babu abin da ya bambanta su a ido. Ya kira matar ta duba, ita ma sai da ta murɗa ramar kafin ta san wacce ta sa da gangan. Ya naɗe igiyar, ya saɓa a kafaɗa, ya kai gidan surukinsa, ya ajiye a gaban tabarmar da yake kwance, ya nuna masa shunin biyu, ya zauna a ƙasa.

Babu hannun maƙiyi a can, Ilu, babu a nan. Saude za ta ci gaba da karɓar jini, kuma ba ka da wanda za ka kama. Ka bar maƙwabtanka. Wuƙa ta ga abin da ya yi kama da alama ne ta yanka, kuma kama da wane ba wane ba ne.