Gangar Giyar Bariki

Lawwali, Maharazu, Rabi'a, ku matso nan. Ban kira ku don gaisuwa ba. Ku saurara, kada wanda ya katse ni.

A bazarar shekarar da aka gyara hanyar Maraɗi, Di'o, baturen mulki na Katsina, ya gayyaci kumandan na Faransi su ci abinci a bakin iyaka, ƙarƙashin tsamiyar barikin Jibiya. Kumandan ya aiko da gangar giya ta katako, mai girman turmi biyu. Kalilu, kukun bariki, aka damƙa wa ita. Di'o ya ce in liyafa ta yi kyau, zai tafi da shi Katsina ya zama shugaban kukunsa. Shekara tara Kalilu yana jiran wannan magana.

Arzika direba ne ya kawo gangar. Shi ya koya wa kukun yadda ake yi, matar Kalilu, Barira, tana tsaye a gefe da tulu.

"A kwantar da ita a inuwa, a lulluɓe ta da buhun algarara, a yi ta jiƙawa. Ba ta son zafi, kuku. In ta ji zafi, haushi take yi. Sai baƙi sun zauna ka kafa famfo a bakin toshiya, bugu ɗaya da guduma."

Kalilu ya yi yadda aka ce. Ya sa duwatsu ya tokare ta, ya rufa mata buhu uku, sannan ya je ya wanke hannu har gwiwa. Mutum ne mai tsoron bakin mutane. Ko a masallaci ce musu yake aikinsa nama da shinkafa ne kawai.

"Maigida, bar mini jiƙon," in ji Barira. "Tana tsattsafo ta baki. Kada ka taɓa najasa da alwalarka."

Ya ji daɗi har ransa. Wata shida tana neman ya sake ta yana ƙi, yau ga ta tana tattalin sallarsa. Tun hantsi take kai da kawo daga bayan madafa, ta ninka gammo biyu, ta riƙe wuyan tulu da tsumma. Yana jera kujeru yana hango tururi na tashi daga buhunan, yana cewa a ransa ranar bana ba ta da imani.

Bayan azahar baƙi suka zauna. Matar kumandan ta matso da kujerarta don ta ga yadda ake buɗewa. Kalilu cikin farar riga mai sitaci ya durƙusa, ya saita famfo, ya ɗaga guduma.

Bugu ɗaya ya yi. Gangar ta yi ƙara kamar bindiga. Famfon ya dawo ya soke shi a idon dama, giya ta yi tsiri ta wanke matar kumandan tun daga hula har takalmi. Sojan kumandan ya sa gindin bindiga ya kai Kalilu ƙasa. Di'o bai ko dube shi ba, ya ce a fitar da shi.

Ranar kasuwa ce. Ta tsakiyarta ya bi, yana tangaɗi don ba ya gani, jini a fuska, warin giya na riga shi isa kowace rumfa. Masu hatsi suka janye buhunansu. Wani ya ce, "Ashe naman da shinkafar ke nan!" Kasuwa ta ɗauki dariya.

Barira ba ta wahala wajen neman shaidun cewa mijinta na harka da giya ba. Cikin kwana uku alƙali ya raba auren. Tana gama idda ta auri Arzika.

Kalilu bai sake shiga sahun gaba a masallaci ba. Kun san shi. Shi ne tsohon nan mai ido ɗaya da ke tufka igiya a bakin kasuwar dabbobi, wanda kuke jifa da ƙwallon goruba kuna yara, ban taɓa hana ku ba. Arzika kuwa ubanku ne, Allah Ya jiƙansa. Barira sunana ne na yanka, kafin ku zo a koma ce mini Uwa.

Jiya Kalilu ya aiko Manu maƙwabcinsa. Ciwo ya kwantar da shi, ba a sa ran zai tashi. Wai in yafe masa kunyar da ya ja mini a gaban gari, ni da na wuni ina ɗawainiya a rana don in rufa masa asiri. Wai abin da ke hana shi barci ke nan.

To, ku ne manya yanzu, ku yanke mini kafin Manu ya dawo. In aika masa cewa na yafe, ko in aika masa cewa kowane tulu da na zuba wa gangar nan, daga kan murhu na sauke shi yana tafasa?