Hoton da ke Kan Kowane Shafi

Tun safe mai shagon labule take kokawa da kwamfuta. Shafin intanet na shagonta ya yi 'ya'ya da jikoki: na labule daban, na zannuwan gado daban, na rigunan filo daban. A saman kowanne kuwa hoto ɗaya ne, ita da tsohon mijinta a ƙofar shago ranar da aka buɗe shi, suna dariya kamar an yi musu albishir. Aure ya mutu, wani auren ya matso, ango kuma ya ce ba ya son ya ƙara ganin hoton nan. Ta buɗe wannan shafi, ta buɗe wancan, ta rasa inda abin ya ɓuya. Da ta gaji, ta cije ta kira wanda ya gina mata shafin.

Ya zo da azahar, jakarsa a kafaɗa. Ya tsallake kujerar nan mai gurguwar ƙafa, ya jawo ta kusa da taga, ya sunkuya ya jona caja a bayan tulin yadi.

"Malam," ta ce, "hoton nan nake so a cire. Ko'ina. Na san aiki ne babba."

"Ba babba ba ne," ya ce. "Hoton guda ɗaya ne tak, yana zaune a folda ɗaya. Shafukan ba su da nasu, hanya kawai aka nuna musu, kowa ya je can ya ɗauko. In aka sa wani a gurbinsa da suna iri ɗaya, duk sun canza."

"Har da koren launin nan na gefen shafukan?"

"Shi ma fayil ɗaya ne ke yi wa kowa ado. Layi guda zan taɓa."

Ita dai ta ɗauka abin da aka yi shekaru ana ginawa zai ɗauki ko da yini ne kafin ya rushe, sai ta ji zuciyarta ta karye. Shi kuwa mutumin da aka sani da saurin hannu, yau yatsunsa sun koma na mai koyo. Ya goge gilashinsa. Ya buɗe foldar da ba ita ba, ya rufe. Ya mai da koren ruwan toka, sannan ya ɗago.

"Kin tabbata? In na danne shi, ya tafi ke nan. Babu wani a ajiye."

Ta kalli keken ɗinki, ta kalli titi. Ya jira, da fatan ta ce a bari sai gobe. Maimakon haka ta miƙo masa wayarta, sabon hoton yana kai: ita da wani dogo mai gemu, a wannan ƙofar dai.

Ya tura hoton cikin kwamfuta, ya raɗa masa sunan tsohon, ya ja shi zuwa folda. Kwamfuta ta tambaya ko a maye gurbin wanda ke ciki. Hawaye ya hana shi ganin rubutun sosai, amma ya san inda maɓallin yake.

Ya kalli tsohon hoton kallon ƙarshe, ya danna, fuskarsa ta ɓace daga gefen matarsa a kowane shafi lokaci guda.