Sunan da ke Ƙarƙashin Fata

Dokta Zulkifilu ya ajiye mota a gaban wani shago da ke Takoma Park a Amurka, ya shafa aljihun rigarsa karo na uku. Abin yana nan. Masawudu yana zaune gefensa tun daga Landover.

Ba don daɗi ya ɗauko shi ba. Makon jiya a masallaci, ana shirin taron tarihin al'umma, Masawudu, Bahaushen Kumasi mai aikin jinyar tsofaffi, ya nemi a saka hoton kakansa a bango. Kakan nan yana cikin sojojin Hausa da Ingila ta kai ƙasar Asante. Dokta ya miƙe a gaban dattawa ya ce bangon na waɗanda suka yaƙi Bature ne, ba na karnukan farautarsa ba. Masawudu ya haɗiye, ya ce abu ɗaya kawai: kowa yana jin labarin lambar Dokta, amma ba wanda ya taɓa ganin shaida.

To, yau zai gani.

Duk wanda ya taɓa shan shayi a gidan Dokta a Greenbelt ya haddace labarin, har 'ya'yansa masu amsa Hausa da Turanci. A 1906 sojojin Ingila suka shafe garin Satiru da wuta, suka karkashe maza, suka kwashe mata da yara. Kakansa Muntaka, in ji labarin, ya sare wani hafsan Bature da gatari, ya fizge lambar azurfa daga ƙirjinsa, ya fito daga wutar da mace ɗaya rak. Ita ce Inna Yalwa, kakar Dokta.

Muntaka ya tafi Kano ya kafa gida daf da bariki. Wayo ne, in ji mahaifin Dokta, wa zai nemi ɗan tawaye a ƙofar soja? Shi da kansa ya kai lambar wajen baduku aka ɗinke kewayenta da jar fata, kamar yadda ake yi wa madubin mata, fuskar sarkin Ingila kaɗai ke leƙowa a tsakiya. Ya bar wasiyya kada a farke ta.

Dokta bai riski Muntaka ba, amma ya riski Inna Yalwa tana tsohuwa tukuf. Bai taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, aka ce alkunya ce irin ta matan da. In an fara labarin Satiru sai ta ɗauki butarta ta fice. In kuwa idonta ya faɗa kan lambar da ke rataye a bangon zaure, sai ta tofa mata yawu. Wannan tofin ya fi komai burge Dokta. Shekara talatin yana Amurka, duk sanda wani farar fata ya yi masa kallon banza a asibiti, tofin Inna yake tunawa ya ji ƙirjinsa ya buɗe.

Debbie, mai shagon, dattijuwa ce da ta ƙware wajen gyaran tsofaffin kayan yaƙi. Ita ta gaya masa a waya cewa Ingila ba ta ba da irin wannan lamba haka nan, sai an zana sunan mai ita da muƙaminsa a gefen azurfar. Dokta ya kwana biyu yana jinjina wasiyyar kakansa, sannan ya yanke cewa mamaci zai yafe. Sunan Baturen nan yake so. Zai karanta shi da ƙarfi ranar Asabar a wajen taron, a gaban duk wanda ya ji maganar Masawudu.

"Matso kusa, Malam Masawudu," ya ce. "Kada gobe ka ce ba ka gani da kyau ba."

"Yoo, Dokta. Ina nan."

Debbie ta sa safar hannu, ta kunna fitilar tebur, ta fara tsinke zaren da ƙaramar wuƙa. Fatar ta bushe ƙayau, tana gutsurewa. Ɗinkin biyu ne, wani a kan wani, ta ce ba ta taɓa ganin an wahalar da allura haka a kan abu ƙarami ba. Dokta ya yi murmushi. Yana ta hasashen sunan, ko kyaftin ne, ko manjo, ko ma yana da jikoki a Landan da za a aika wa wasiƙa.

Fatar ta zame. Gefen azurfar ya fito fes kamar jiya aka buga shi. Debbie ta kara gilashin dubawa, ta juya lambar a hankali, leɓenta na motsi. Sai ta tsaya. Ta ce wannan sunan ba za ta iya furta shi daidai ba, gara su duba da kansu.

Masawudu ne ya fi kusa. Ya sunkuya ya karanta, ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago babu dariya a fuskarsa, babu ko alamar nasara, kuma wannan ne ya fara tayar wa Dokta hankali.

"Dokta," ya ce a hankali, "a mayar da fatar. Ni ban ga komai ba."

Dokta ya fizgi gilashin. Lambobin shaidar soja ne a farko, sannan muƙamin kofur, sannan sunan rundunar Ingila ta Arewacin Najeriya. A tsakaninsu, da manyan baƙaƙe, an zana sunan mutumin da aka ba kyautar, wanda Inna Yalwa ta yi shekara sittin tana tofa wa yawu: Muntaka.