Yabon da Koci Lusajo Ya Yi

Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Nyati da ke garin Mbeya ta faɗo daga babbar gasa, rabin 'yan wasanta suka tsere. Mzee Mwaipopo, mai ƙungiyar, ya zaunar da koci Lusajo kan batun wasu 'yan wasa biyu da ke yawo ba ƙungiya. Gurbin ɗan wasa ɗaya ya rage.

"Yaron nan Shomari gudu gare shi kamar ɓarawon waya," in ji Mzee.

"Gudun ne kawai, kansa fanko. Ɗauko mini Kibona."

"Wannan tsohon? Gwiwarsa har ƙara take yi."

Lusajo ya san in bana ma aka sha kashi, aikinsa ya tafi. Sai ya saki baki.

"Mzee, Kibona ya san ƙwallo kamar yunwar cikinsa. Yara sun fi jin maganarsa a kan tawa. Wallahi ni kaina a wurinsa nake koyon wani abin."

Mzee ya kurɓi shayi. "To, na ji."

Washegari Lusajo ya tarar da Shomari a fili yana ɗaure takalmi. Kibona na tsaye, usur ɗin koci rataye a wuyansa.

Cikin su ukun, Lusajo ne yanzu ba shi da ƙungiya.