Allurar da Ke Gefena

"Agogon banza ka ɗaura mani!" maigidana ya daka wa tsohon makanike tsawa a gaban jama'a, a garejinsa na Birnin Kebbi. "Inji mai silinda shida ya ƙone, allura ba ta motsa ba!"

Jiya aka sa wa motarmu agogon zafin injin, ta gefen kujerata. Da muka taso daga Argungu zuwa asibiti, ɗiyarmu na fama da zazzaɓi, ni ya ce in riƙa duba masa.

Tsohon ya sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Alhaji." Ya dubi goyona. "Allah shi ba ta lafiya, ɗiyata."

Na kasa cewa amin. Tun rabin hanya allurar take kan ja, alamar injin ya yi zafi. Sau uku maigidana ya tambaye ni, ina cewa lafiya lau, don kada ya tsaya.